Aikin Gidan da Kaka Bai Ƙarasa Ba

Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinSa, daga gare Shi muke, kuma can za mu tarar da tsohon. Kakana, mahaifin Ummata, ya rasu a nan Dubai wata Laraba da hantsi, aka binne shi a maƙabartar Al Qusais, ba nisa da fulat ɗinmu. Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda garin nan yake haɗiye mutum. Yau ka rasu, jibi an soke bizarka, kafin wata ya zagayo maƙwabtanka sun tashi sun koma wata unguwa. Ni kuwa ban yarda a yi wa tsohona haka ba.

Masu zuwa gaisuwa sun ba ni mamaki. Na ɗauka 'yan gida ne kawai za su zo da abokan aikin Umma na asibiti, tunda bai daɗe a garin ba. Sai ga takalma sun tare hanya har bakin lif. Abokin wasansa ya zo, wani dattijo Babarbare mai harkar kargo a Abu Hail, wanda tun ranar da ya ji Kaka Bafulatani ne a masallacin Juma'a ya ce ya tsinci bawa a ƙasar Larabawa. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ashe bawan nawa guduwa ya yi ba sallama? Dama na san Fulani ba amana." Ya so ya bi maganar da dariya, muryar ta ƙi, sai ya ciro hularsa ya rufe fuska da ita.

Maƙwabciyarmu ta shigo da tukunyar fate. Kirista ce mutuniyar Kafanchan, mijinta yana gyaran na'urar sanyi a Ras Al Khor. Ta ce wa matan da ke zaune, "A duk benen nan Baba ne kaɗai yake tambayata yaran da na baro a gida, kuma kowanne da sunansa yake tambaya."

Can da la'asar sai ga 'yan ajinmu na kwaleji, su da Malamarmu, wata Ba'indiya mai furfura. Suka zauna kan dadduma sun rasa yadda za su yi da hannuwansu. Da za su tafi Malama ta riƙe hannun Umma ta ce da Turanci ba ta taɓa koyar da ɗalibi irinsa ba, kuma ya tafi da aikin gida guda bai kawo mata ba. Umma ta gyaɗa kai don ladabi, ba ta gane zancen ba. Ni na gane, na tashi na shige kicin.

Umma ba ta yi kuka ba. Ita ke zuba shayi, ita ke ce wa mutane sai haƙuri, kamar su aka yi wa rasuwar. Mata suna ta yaba mata dauriya. Ni da na san ta, na san ba dauriya ba ce. Umma ita ce 'yar farin Kaka, kuma tun da aka haife ta, har ta haife ni, har furfura ta fara fito mata, bai taɓa kiran sunanta ba. Haka ake yi a wajenmu, iyaye suna jin kunyar ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, sau da yawa ma ba su ke rainonsa ba. Umma a hannun gwaggonta ta tashi. Wurin Kaka ita ce "ke", ita ce "uwar wannan", yana nuna ni da haɓa.

Ni kuwa jika, ai sai abin da na manta. Amarya yake ce min, ni kuma in ce masa angon da haƙoransa ke kwana a kofi. Malamin dabbobi ne da ya yi ritaya, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin rugage yana yi wa shanu allura. Bayan rasuwar kakata mace zuciyarsa ta fara ciwo, Umma ta ɗauko shi don a duba shi kusa da ita. Bai taɓa yafe wa Dubai rashin dabbobi ba. Yakan tsaya a baranda ya daɗe yana duban titi, ya ce, "Gari har gari, ko akuya ɗaya babu. Me suke gaisawa a kai?" Daga baya ya koma duba magunan da ke kwana ƙarƙashin motoci, yana ɗaga musu leɓe yana duba dasashi. In mun shiga metiro, jirgin ƙasan cikin gari, sai ya yi wa taragon sallama gaba ɗaya, ni ina noƙewa don kunya. Kafin mu sauka ya san sunan na kusa da shi, da garinsu, da ko an yi ruwa bana.

Zuwansa aji ba shiri aka yi ba. Ina karatu a wata ƙaramar kwaleji ta unguwa, irin wadda ma'aikata ke zuwa bayan an tashi aiki ko ranar hutu, kuma darasin farko da aka ɗora mana shi ne gabatarwar ilimin zamantakewa, ranar Asabar da safe. Umma tana aiki ranar, Abba ma haka, likita kuma ya ce kar a bar tsohon shi kaɗai. Sai na tafi da shi na ajiye shi kan benci a baranda. Malama ta fito ta ga dattijo da babbar riga da sanda yana karanta sanarwar bango da tsohon Turancinsa na makarantar dabbobi, ta ce ya shigo ciki. Ya shigo yana ce min da Hausa, "Wannan ne karatun naki? Karatun sa-ido. Ku zauna ku sa wa mutane ido, a ba ku takarda."

A ranar Malama ta ce kowa ya nuna yadda ake gaida babba a ƙasarsu. Wata 'yar Filifin mai aikin otal ta kama hannun Kaka ta ɗora a goshinta. Wani Ba'indiye ya sunkuya ya taɓa masa ƙafa. Da aka zo kansa ya ajiye sanda ya durƙusa har ƙasa, ya kasa tashi, sai da direbobi biyu 'yan Pakistan suka ɗago shi ana ta dariya. Muka hau metiro muka kama hanyar gida. Sai da muka kusa sauka ya ce, "Amarya, ashe kowa da irin durƙusonsa." Asabar ta gaba tun kafin in tashi ya shirya, ya sa turare, yana buga min ƙofa da sanda yana cewa yalla, wato mu tafi, kalmar Larabcin titi ɗaya da ya yarda ya ara. Aka rubuta shi a matsayin mai sauraro.

Ban taɓa ganin mutum ya kama karatu irin kamun da ya yi ba. Mutumin da ya haura saba'in, yana bin littafina layi-layi da gilashin ƙara girman rubutu, yana tsayar da ni in fassara masa kalma. Bai ɗauki kansa masani ba ko kaɗan. Yakan yi kuskure a aji, a gyara masa, ya ce ya gode. Ya tambayi mai gadin benenmu wa ke fara cin abinci a gidansu. Ya tambayi mai tasi wa ke wanke gawa a garinsu. Duk amsar da aka ba shi sai ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah, mutane." Wannan ita ce kalmarsa. Wata rana ya kai goro aji ya rarraba, 'yar Filifin ta gatsa ta yamutsa fuska, ya ce min, "To wannan ma a sa a karatun."

'Yar Filifin ɗin ce kuma wadda mahaifiyarta ta rasu a ƙasarsu, wurin aiki ba su ba ta hutun tafiya ba. Ta zo aji idanu a kumbure, kowa ya ce mata sorry ya buɗe littafi. Kaka ya ɗaga hannu ya tambayi Malama ko a ƙasashensu ba a zama wa mutum. Aka tashi darasi ya kwashi ajin gaba ɗaya zuwa ɗakin da take haya da wasu mata, gadaje hawa-hawa, ba wurin miƙe ƙafa. Suka ce me za mu ce mata? Ya ce ba a cewa komai, zama ake yi. Muka zauna har azahar. Abin da ya kawo su daddumarmu ranar rasuwarsa ke nan.

Sau ɗaya na taɓa ganin Umma ta ɗaga masa murya. Mun kai shi ganin likitan zuciya, ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya ta tambaye shi sunan wanda za a kira in wani abu ya taso. Umma na tsaye kusa da shi cikin kayan aikinta. Ya juyo gare ni ya ce, "Faɗa mata." Na faɗi sunan Abba don in kashe maganar. A mota Umma ta riƙe sitiyari ba ta tayar ba.

Ta ce, "Baba, ko a gaban baƙi? Ƙannena kana kiran sunayensu a waya har na gaji da ji. Mai gadin bene ka san sunansa, ka san na matarsa. Ni kaɗai ce ba ni da suna?"

Yana kallon taga ya ce, "Ai kin san al'ada."

Ta ce, "Na sani. A cikinta Gwaggo ta raine ni. Sanin bai taɓa rage min komai ba."

Da muka isa gida ta durƙusa ta ba shi haƙuri, kamar yadda ya kamaci 'ya. Ya ce ba komai, idonsa na kan bango. Aka rufe zancen, amma ni na ga ya daina kiran ƙannen nata a falo, sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Ba a jima ba Malama ta kawo darasin dangantaka. Ta ce a al'ummomi da yawa akwai dangin da aka halatta maka tsokana, akwai kuma waɗanda aka ɗora maka kauce musu. Kaka ya ɗaga hannu da murna ya ce mu ma muna da su. Ya ba da labarina, ya ba da na Babarbaren Abu Hail, aji ya yi ta dariya. Sai ya zo kan ɗan fari. Malama ta ce, "Kana nufin ba ka taɓa faɗin sunanta ba?" Ya ce bai taɓa ba. Ta ce wa ya hana shi? Cikin ladabi ta yi tambayar, irin wadda take yi wa kowa. Kaka ya fito da tambayar nan daga aji. A tashar metiro ya zauna kan benci ya bar jirgi ya wuce mu.

Ya ce, "Amarya, na bi abin da na haddace na Alƙur'ani, na bi hadisan da na sani, ban ga inda aka ce kar in kira ta ba. Ni duk zatona haka ake halittar uba."

Sai aka ba mu aikin gida. Kowa ya karya wata ƙaramar ƙa'ida ta zaman jama'a, ya lura da abin da zai biyo baya, ya zo ya ba da labari da baki. Wani ya ce zai shiga lif ya juya wa ƙofa baya. Ni na ce zan yi tayi a babban kanti. Da Malama ta zo kan Kaka ya ce, "Zan kira 'yata da sunanta."

A kan wannan bencin na tasha muka yi ta gwaji, Asabar bayan Asabar. Nan ya gaya min ko huɗuba ba shi ya yi wa Umma ba, wansa ne ya raɗa mata sunan a kunne. Ranar suna kuwa tun asuba ya ɗauki kekensa ya gudu rigakafin shanu, bai dawo ba sai da aka share gida. Ya ce shi ya zaɓi sunan, amma ta bakin gwaggon ya aika da shi, kuma ko ita nuna mata ya yi da wata mai sunan. Nakan ce, "Haba ango, kai da ka kayar da bijimai, suna ne zai gagare ka?" Sai leɓensa ya motsa ba sauti. Ran nan dai ya buga sandarsa a ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya faɗe shi. A hankali ya faɗa, da irin lafazin rugarsu da ba mai yin sa a Dubai, yana jan ƙarshen sunan. Ga sanyin na'ura a tashar, amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wallahi ban taɓa jin sunan Umma da daɗi haka ba, sai da na juya baya na goge ido.

Ya ce, "Kar ki gaya mata ina koyo. Kar ta zauna jira."

Ranar Juma'a bayan an ci abinci ya ce yau ce. Umma na gugar kayan aikinta a falo. Ya gyara zama, ya gyara murya, ya buga sanda. Ni ina bayan kujera ina saurare.

Ya ce, "Ke."

Umma ta ce, "Na'am, Baba."

Ta ɗago tana jira. Ya ce, "Uwar wannan, shayin nan ya huce."

Da ta tafi ɗumamawa na ce masa an yi ragon ango. Bai rama ba. Ya sake gwadawa ba sau ɗaya ba, kullum shayi ne ke hucewa, ko taga ce ke son rufewa, har Umma ta fara zargin fulas ɗin ne ya lalace.

Ranar ba da labari kowa ya zo da abin dariya. Kaka ya miƙe da sandarsa ya ce shi ya kasa. Ya ce, "Malama, na gane mutane ne suka gina katangar nan, har na san masu ginin, kakannina ne. Amma da na zo tsallakawa na tarar tana nan da tsawonta." Ba wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikin direbobin nan ya ce shi ma bai taɓa jin mahaifiyarsa ta kira sunan mahaifinsa ba. Malama ta ce ta ƙara masa lokaci har ƙarshen zango. Ya ce in Allah Ya kai mu.

Allah bai kai shi ba. Kalmar shahada ce ta ƙarshe a bakinsa, hannunsa cikin na Umma, kuma alhamdulillahi ba za mu so wata ta maye gurbinta ba. Amma sunan bai fito ba.

Akwai wani abu da jikoki ke yi a wajenmu in kaka ya rasu da tsufa. Sukan sa kayansa su fito tsakar gida suna kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, a yi dariya a tsakiyar makoki. Na ga 'yan'uwana sun yi a gida lokacin rasuwar kakata mace. Shi kuma ya sha tsokanata cewa amaryar Dubai ko wasan jika ba za ta iya masa ba, zai tafi kamar wanda bai haifu ba. Ni kaɗai ce jikarsa a garin. Ranar sadakar uku da la'asar, maza suna fulat ɗin maƙwabta, mata sun cika falonmu, na shiga ɗakinsa na sa babbar rigarsa da hularsa da tabarau. Rigar tana ƙamshin turarensa. Na ɗauki sandar na fito.

Na yi wa falon sallama irin tasa ta metiro. Matar wani likita ta ce, "Subhanallahi, wannan ai ba ya cikin addini." Wata dattijuwa ta ce mata, "Jika ce, a bar ta." Maƙwabciyarmu ta Kafanchan ta ce su ma haka suke yi. Na je baranda na yi cigiyar akuya. Na kama haɓar wata na ce a buɗe in ga dasashi. Na jinjina kai na ce ikon Allah, mutane. Mata suka fashe da dariya suna share hawaye, har matar likitan ta rufe baki da mayafi.

Umma na tsaye bakin kicin da tire a hannu, fuskar nan a rufe. Ta ce a hankali, "Je ki cire kayan nan."

Na ji tsoro, don ban taɓa ƙin bin maganarta a gaban mutane ba. Ga shi kuma 'ya ba ta kiran sunan uwarta, ni ma tawa katangar ke nan. Amma ya ce kar ta zauna jira ne, yanzu kuwa ba sauran jira, kuma ba ni ce a cikin rigar ba. Na gyara murya na ce, "Ke, uwar wannan, shayin nan ya huce." Mata suka sake dariya, ban da Umma. Sai na buga sanda a ƙasa, na sunkuyar da kai, na faɗi sunan yadda na ji shi a tasha, da lafazin rugar, ina jan ƙarshen.

Dariyar ta ɗauke. Umma ta ajiye tiren a ƙasa.

Ta ce, "A ina kika ji an faɗe shi haka?"

Na ce, "A bakinsa, Umma. Duk Asabar yana koyo a tashar metiro. Duk shayin nan da yake cewa ya huce, ke yake son kira."

Ta daɗe tana kallon rigar, ba ni take kallo ba. Ta ce, "Sake faɗa."

Na sake. Ummata, babbar ma'aikaciyar asibiti mai furfura, ta durƙusa a gaban sandar kamar yadda take durƙusa masa kowace safiya, ta ce, "Na'am, Baba." Sannan kukan ya zo, mata suka rufa a kanta, ni kuma na tsaya cikin rigar da ta fi ƙarfina ina nawa.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, na cire rigar. Ya Allah Ka jiƙan tsohon nan, Ka yafe masa, Ka haskaka masa kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba. In Ka tashi haɗa shi da 'yar farinsa a gidan Aljanna, Ka kwance masa harshe ya kira ta da kansa, don ni aron baki kawai na ba shi.